Saura mako 14 in hau dandamalin gasar figa, amma jikina ya fara ba ni tsoro

Rahila

Salama a gare ku 'yan'uwa mata. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai dole ce ta fito da ni.

Shekarata 27, a Bukuru nake zaune, ina aiki a cikin gari. Shekara biyu ke nan ina ɗaga ƙarfe, kuma tun bara nake burin hawa dandamali a rukunin da ake kira figa. Akwai gasar da za a yi a Legas, saura mako 14, har na biya kuɗin rajista. Mako shida da suka wuce na fara shiri da wani koci na wurin motsa jikinmu. Tsayina mita 1.65, na fara da kilo 68, yau da safe sikeli ya nuna 61.

Ga abin da ya ɗora ni a kai. Da safe farin ƙwai uku da shayi ba madara ba sukari. Da rana dafaffen naman kaza da kabeji. Da dare kifi da kokwamba. Ba shinkafa, ba dankali, ba tuwo, mai ko ɗigo. Gudun awa ɗaya da asuba kafin in sa komai a baki, ƙarfe da yamma, kwana shida a mako.

Mutanen wurin sai yaba mini suke yi, amma ni na san ba lafiya ba. Sanyin Jos ɗin nan da aka haife ni a cikinsa yanzu har ƙashi nake jin sa, rana tsaka ma da suwaita nake yawo. In na sauko daga keke sai na dafa wani abu saboda jiri. Ƙarfe uku na dare idona biyu. Tsugunnon da nake yi da kilo 70 a kafaɗa, yanzu 55 ma da kyar. Na faɗa wa koci, ya ce haka shirin yake, wadda ba za ta iya jure yunwa ba ta zauna a gida.

Don Allah wadda ta taɓa bin wannan hanya ta gaya mini gaskiya, haka ake yi?

Hajiya Larai

Ku fahimtar da ni tukuna 'ya'yan nan. Mece ce figa kuma? Irin matan nan ne da ake nunawa jijiyoyi ruɗu-ruɗu kamar maza?

Anti Saratu

A'a Hajiya, waɗancan wani rukuni ne daban. Gasar jiki ta mata hawa-hawa ce. Akwai bikini, mai ƙarancin tsoka. Akwai figa a tsakiya. Sama da ita akwai fizik, sannan masu gina jiki na gaske, su ne kike nufi. A Amurka aka soma figa a 2001 ƙarƙashin ƙungiyar masu gina jiki ta NPC, a 2003 kuma aka sa ta a babbar gasar Olympia, Davana Medina ce ta fara cinyewa. A gasannin masu tasowa da ke bin tsarin IFBB, ƙungiyar gina jiki ta duniya, bodifitnes suke ce mata.

Abin da alƙalai suke dubawa shi ne tsarin jiki: kafaɗa mai faɗi, baya ya buɗe daga sama ya tsuke zuwa ƙugu, cinya da tsoka amma ba ta rinjayi sama ba, hagu da dama daidai. Ana jera ku a kan takalmi mai tsini, a ce ku juya, sai ku yi juyi huɗu: gaba, gefe, baya, ɗaya gefen. Shi ke nan. Aikin shekaru, amma tsayuwar 'yan mintoci ce. Wadda take son ganin ƙarshen abin ta duba Cydney Gillon, baƙar fata ce 'yar Amurka, daga 2017 zuwa 2024 ta riƙe kambun Olympia shekara bayan shekara.

Rahila ƙanwata, na hau sau biyu, don haka zan amsa miki kai tsaye: ba haka ake yi ba. Ina wurin aiki, zan dawo da bayani.

Sista Talatu

Rahila, kafin a je ko'ina amsa mini tambaya biyu, mu mata ne a nan babu kunya. Yaushe rabonki da ganin al'ada? Kuma bayan abinci, akwai wani abu da kocin ya ba ki ki sha?

Rahila

Sista, na watan nan ya wuce da kwana 19 bai zo ba, ni kuwa da ko kwana biyu ba ya ƙarawa. Magani kuma ban fara ba tukuna, amma ya ce daga mako mai zuwa zai kawo mini wasu ƙwayoyi biyu, Anavar da kilenbutarol. Ya ce na mata ne, ba su da ƙarfi. Sannan makon ƙarshe akwai na fitar da ruwa.

Sista Talatu

To alhamdu lillahi da kika yi magana kafin ki haɗiya. Ki saurare ni da kyau 'yar'uwa.

Mace mai tsayinki da nauyinki, ko kwance ta yini ba ta ɗaga tsinke ba, jikinta na ƙona kusan kalori 1,400 don numfashi da bugun zuciya da ɗumama jiki kawai. Abincin da kika lissafa da kyar ya kai 800. A kan wannan kika ɗora gudun awa ɗaya da ƙarfe. To jiki ba wawa ba ne. In abin da ke shigowa bai isa ba, sai ya fara rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira, kamar maigidan da albashi ya yanke masa. Ya rage ɗumama jiki, ga sanyin da kike ji. Ya rage sinadaran da ke tafiyar da haihuwa, ga al'adarki da ta tsaya. Kwamitin Olimfik na duniya ya sa wa wannan hali suna RED-S tun 2014, wato ƙarancin abinci a kan yawan aikin da ɗan wasa ke yi, kuma an daɗe da sanin sa a wurin mata masu tsere da masu rawa.

Inda abin ya fi damuna shi ne ƙashi. Sinadarin estirojin da ke sauka in al'ada ta ɗauke, shi ne kuma mai tsare ƙarfin ƙashin mace. A shekarunki ne ake gama tara ƙashin da za a ci gajiyarsa har tsufa. Abin da ya zube yanzu ba lallai ya dawo duka ba. Wasu kociyoyi har murna suke yi in al'ada ta tsaya, wai alamar kitse ya sauka ne. Wannan jahilci ne mai cutarwa.

Ki je asibiti cikin makon nan. A fara da gwajin ciki, kada ki ji haushi, ƙa'ida ce ga duk macen da ta yi ɓatan wata. A duba yawan jininki da hawan jini da sinadarin maƙogwaro, wato tayirod. Kuma ki faɗa wa likita ainihin abin da kike ci, kada ki ɓoye.

Fa'iza

Ni dai Sista ina ganin kamar ana tsoratar da ita da yawa. Duk matan da muke gani a Instagram suna cin kofi, wa ya ce da ƙwai da kabeji kawai suka kai? Ƙawata ta sha Anavar ɗin wata biyu, ba abin da ya same ta, jikinta ya fito tsaf. In kowa a dandamalin yana sha, ita kaɗai za ta je a bar ta a baya?

Sista Talatu

Fa'iza, ki kira ƙawar taki a waya ki saurari muryarta, ki kwatanta da ta bara. Anavar dangin sinadarin maza ne. Ƙaramin ƙarfi a jikin namiji ba ƙarami ba ne a jikin mace. Yana kawo kaurin murya, gashi a haɓa, ƙuraje, canji a al'aura, yana taɓa hanta. Muryar in ta buɗe galibi ba ta komawa ko an daina. Sannan wa ya tabbatar miki abin da ke cikin robar shi ne aka rubuta a jiki? A bayan fage ake sayar da su, ba lambar NAFDAC ba komai. Kilenbutarol kuwa a ƙasashe da yawa dawakai ake ba wa saboda numfashi, yana sa zuciya dukan tara-tara da rawar hannu. Duka biyun WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta su ga 'yan wasa.

Na fitar da ruwan shi ne mai kisa farat ɗaya. Irin su Lasix suna kwashe ruwa tare da gishirin fotasiyam da zuciya ke bugawa da shi. Mohammed Benaziza, ɗan asalin Aljeriya, gwani ne a duniya, ya rasu a 1992 a ƙasar Holan jim kaɗan bayan ya ci gasa, yana da shekara 33, kuma maganin fitar da ruwa aka danganta mutuwar da shi. Wannan ƙato ne mai mutane kewaye da shi. Ina ga yarinya ita kaɗai a ɗakin otel a Legas?

Mu da muke asibiti mun gaji da ganin matan da sha-ka-fashe ya kumbura, suna neman ƙiba don a ce sun yi kyau. Wannan ma ɗan'uwansa ne, fuskar ce kawai ta juya.

Fa'iza

Gaskiya muryarta ta ɗan canza, mun ɗauka mura ce. Bari in yi mata magana.

Anti Saratu

Na dawo. Rahila, abin da kike ciki na sha shi, shi ya sa nake rubutun nan zuciyata na zafi.

Gasata ta farko mako goma kawai na ba kaina. Na yanke komai kamar yadda aka yanke miki. Sikeli ya yi ta sauka ina murna, ashe rabin abin da ke tafiya tsokar da na sha wahalar ginawa ce. Ranar da na tsaya a layi na ga bambanci da idona. Waɗanda suka shiga gaba ba su fi ni ramewa ba, sun fi ni cika. Kafaɗunsu a zagaye, nawa sun lotsa. Figa ba gasar wa ya fi rama ba ce. In kin zubar da tsoka, me za ki nuna wa alƙalai?

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bayan gasa. Na sauko da yunwar wata biyu da rabi a cikina. Na ci, na ci, har kuka na yi ina ci ban iya tsayawa ba. Cikin mako uku na ƙara kilo tara, ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Al'adata sai da ta yi wata biyar kafin ta dawo. Na fi shekara ina jin kunyar madubi, alhali jikin da nake gani shi ne lafiyayyen. Jikin dandamali na rana ɗaya ne, ba a zama a cikinsa. Wanda ya shirya ki hawa bai shirya miki saukowa ba, bai san aikinsa ba.

Karo na biyu na ɗauki mako 20. Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa ke bayarwa ita ce a rage rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako. A kilo 68 wannan giram 340 zuwa 680 ke nan. Mako shida ya kamata ki sauke kilo biyu zuwa huɗu. Kin sauke bakwai. Faɗuwar tsugunnonki daga 70 zuwa 55 ita ce shaidar inda sauran suka fito. A shiri na biyun ina cin dankali har ranar gasa, al'adata ba ta ɗauke ba sai dai ta yi jinkiri sau ɗaya, kuma na fi kyau nesa ba kusa ba.

Hajiya Larai

Duk na karanta, kuma na gode wa Sista. Amma akwai maganar da kowa ke kewayewa. Na je na duba hotunan. Wannan 'yar tufar da ake sawa, a gaban maza da kyamara? Rahila 'yata, ni uwa ce, ba zan ga abu in yi shiru ba. Hoton nan ba ya gogewa. Gobe in maganar aure ta taso, dangin miji su ne za su fara nemo shi. Ki motsa jikinki, ki yi ƙarfi, ni ma safiyar Asabar ina zagaya filin Rwang Pam saboda hawan jini. Amma dole sai an tuɓe?

Malama Hassana

Ga 'ya mace Musulma hukuncin a bayyane yake, babu halin ta bayyana jikinta haka gaban mazan da ba muharramanta ba, ko da sunan wasa ne. Na faɗa ne don 'yan matanmu da ke karantawa. Amma kada a haɗa da motsa jikin kansa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Rahila kuwa na lura ba addininmu ɗaya ba, ita da iyayenta da malamanta za su auna wannan. Abin da ya haɗa mu duka shi ne jiki amana ne, ba a cutar da shi.

Zainabu

Ni na samo wa kaina mafita, wataƙila ta amfani wata. Shekara uku ina ɗaga ƙarfe a lokacin da aka ware wa mata zalla. Ina son tsarin shirin figa, da awon abinci da lissafin makonni, amma dandamali ba nawa ba ne. Sai bara na sa wa kaina rana, na yi mako 16 cif kamar mai zuwa gasa. Ranar da ta cika muka taru mu biyar a falon yayata a Rikkos, aka rufe ƙofa, aka ajiye wayoyi a kwando, na yi juyin nan huɗu suka duba ni. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Azumi ya faɗo a tsakiyar shirin. Ban rage abinci a watan ba, na tsaya a inda nake. In sha ruwa da dabino da kindirmo, in ci abinci sosai, bayan tarawi in yi ƙarfe na minti 40. Da sahur ƙwai da wake ko gwaten acca. Bayan salla na ci gaba. Wanda ya ce a haɗa azumi da yankan abinci da gudu, so yake ya kwantar da ke.

Rahila

Hajiya na gode, kuma ban ji haushi ba, maganarki ita ce ta mamana. 'Yar zumuntar mata ta coci ce, ranar da na nuna mata hoton sai da ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ba mu gama wannan maganar ba ni da ita, kuma ba zan hau ba tare da ta sani ba.

Amma bari in faɗi dalilina. Na taso ni ce ake kora daga kowane wasa wai ba ni da ƙarfi. Na yi wata doguwar jinya bayan na gama makaranta, har tsayuwa sai an riƙe ni. Ranar da na fara ɗaga kilo 60 daga ƙasa da hannuna, na fita waje na yi hawaye. Ba don maza su kalle ni nake so ba. So nake waɗanda suka san aikin su duba abin da na gina su ce ga matsayinsa.

Maman Ilham

An faɗi na addini, an faɗi na uwa, ta kuma amsa cikin ladabi. A bar wannan gefen haka don Allah, kada zaure ya rikice. Yarinya na jiri, ku gaya mata abin da za ta ci gobe da safe.

Anti Saratu

Madalla. Ke da kike Jos ma ai kin fi 'yan Legas gata, abin da suke saye da tsada daga nan ake loda musu shi.

Fara da furotin, shi ke tsare tsoka. Ki nemi kusan giram biyu a kan kowane kilo na nauyinki, wato wajen 120 zuwa 130 a rana, a raba sau huɗu. Ƙwai guda da gwaiduwarsa giram 6 ne, kuma ki daina zubar da gwaiduwa, jikin mace na buƙatar maiƙo don haɗa sinadaransa. Dafaffen naman kaza giram 100 yana ba da kusan 30. Jan nama marar kitse sau biyu ko uku a mako saboda ƙarin jini. Kifi, wake, kindirmo, awara. Awara dai ki saya kafin a soya ki gasa da kanki, don mai take sha kamar soso. Tsire ma ba laifi in kin ce a rage mai da ƙuli. Kilishi ki yi hankali, labun gyaɗa da gishiri sun yi masa yawa. Garin furotin na roba ba dole ba ne, sauƙi kawai yake kawowa.

Sai abinci mai ba da ƙarfi, wanda aka hana ki. Dafaffen dankalin turawa giram 100 bai kai kalori 90 ba, dafaffiyar shinkafa kuwa wajen 130, ga shi dankali na riƙe ciki. Ki ci kafin ƙarfe da bayansa. Acca ma haka, amma kada ki yarda da masu cewa ba ta ƙirguwa, hatsi ce kamar sauran, a auna ta. Gwate da alayyafo da yakuwa da kifi abincin shiri ne cikakke.

Wurin da matanmu ke faɗuwa shi ne mai. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Ba a daina shi, aunawa ake yi. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, ki raba tukunyarki da ta gida. Gishiri kuma ki ci yadda kika saba, mai zufa ba ya barin gishiri.

Yanzu dai ba ragewa za ki yi ba. Mako biyu zuwa uku ki koma cin abin da zai tsayar da nauyinki wuri ɗaya. Sikeli zai hau kilo ɗaya ko biyu, ruwa ne da abincin da tsoka ke ajiyewa, kada gabanki ya faɗi.

Kyauta

Ni ganye nake sayarwa a Farin Gada. Ki zo da sassafe lokacin da ake sauke kaya, kabeji da karas da koren wake da latas sun fi araha kuma ba su kwana ba. Dankali ki haɗa kuɗi da wata ku sayi buhu na Bokkos ku raba, ki zuba a wuri mai duhu da iska. Kada ki dafa na mako guda ki dogara da firji, kin san halin wuta. Na kwana biyu ya isa.

Zainabu

Anti Saratu, kiriyatin fa, garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi? Wasu na cewa shi ma ƙwaya ce.

Anti Saratu

Ba ƙwaya ba ce, yana cikin nama da kifi ma, kuma ba a haramta shi ba. Giram 3 zuwa 5 a rana. Mai ciwon ƙoda ta tambayi likita tukuna.

Atisaye kuma, Rahila, kwana huɗu ko biyar ya isa. Kuskuren da ake yi shi ne a koma ƙaramin ƙarfe ana yi sau 30 wai don tsoka ta fito. Ƙarfen da ya gina tsokar shi ke tsare ta, ki riƙe nauyinki gwargwadon iko, ki rage yawan zagaye in kin gaji. Kafaɗa da baya sau biyu a mako: ɗaga hannu gefe da ƙananan ƙarafa, jan ƙarfe daga sama, jan sa zuwa ciki. Ƙafa sau biyu. Gudun asuba da ciki wayam ki ajiye shi, tafiya da sauri ta minti 30 ta wadatar, a ƙara a hankali in sikeli ya tsaya. Garinmu ya haura mita 1,200 sama da teku, hawa da gangara ko'ina, in kin taka duwatsun Shere ranar Asabar kin yi na kwana biyu. Barci awa bakwai zuwa takwas yana cikin atisaye.

Kada ki yanke hukunci da awon rana ɗaya. Ki hau sikeli safiya uku ko huɗu a mako ki ɗauki tsaka-tsaki, ki auna ƙugu da tef ɗin tela, ki ɗauki hoto duk mako a wuri ɗaya da haske ɗaya.

Ga wanda 'yan farko ke mantawa: tsayuwar. Buɗe baya ba tare da ɗage kafaɗa ba, riƙe ciki kina numfashi, fuska a sake, duk a kan tsini. Wata tsayuwar minti ɗaya ta fi tsugunno wuya. Minti 15 kullum tun daga yanzu. Na ga mai jiki ta sha kaye a hannun wadda ba ta kai ta ba saboda wannan kaɗai.

Shawarata ta ƙarshe mai ɗaci ce. Mako 14 ba zai isa ki farfaɗo sannan ki sake sauka lafiya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki bar wannan ta wuce.

Rahila

'Yan'uwa na dawo bayan kwana tara. Na je asibiti kamar yadda Sista ta ce. Ba ciki, maƙogwaro lafiya, amma jinina ya yi ƙasa, an ɗora ni a kan maganin ƙarin jini, likita ta ce in koma bayan mako shida, in al'ada ba ta zo ba za a zurfafa bincike. Na gaya wa kocin ba zan sha ƙwayoyin ba kuma na daina shirin da shi. Bai ji daɗi ba, ya ce na ɓata masa lokaci. Kuɗin rajista sun tafi, sun ce ba a mayarwa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo, na kwana biyu ina kuka.

Na koma cin dankali da gwate da ƙwai da gwaiduwarsa. Sikeli na nuna 62.5. Daren jiya na yi barci har ƙarfe shida ban farka ba, rabona da haka tun watan jiya. Yau na yi tsugunno da 60 sau shida. Gasar baɗi nake hari, in Allah ya kai mu, kuma ni da mama mun fara zama a kan maganar.

Anti Saratu, takalmin da na saya inci biyar ne, in na juya gefe ƙafar hagu sai ta yi ta rawa. Laifin takalmin ne ko nawa?

Sista Talatu

Maganin jinin kada ki sha shi da shayi, yana hana shi shiga jiki. Ki sha da lemo. Ranar da al'ada ta dawo ki sanar da ni.

Anti Saratu

Sai na gani da idona, yawanci nauyi ne ake jibgewa a kan yatsu. Asabar ƙarfe bakwai ina Rwang Pam, daga nan mu wuce gidana a Rayfield, akwai dogon madubi a falo. Ki zo da takalmin, kuma ki karya kafin ki fito. Zainabu, in kina da hali ki zo, mu mata ne kawai a gidan.